Faifai Na Uku

Injiniya ba injiniya ba ne, kuma duk kwalejin an san haka, har shi kansa a ranakun da ya tashi da gaskiya. Kwas ɗin wata uku ya yi a wani bene da ke saman shagon sayar da taya, aka ba shi takarda mai zanen ganye a gefe, ya sa ta a gilashi ya rataye. Amma da yake shi kaɗai ke riƙe da makullin ɗakin babbar na'ura, shi kaɗai kuma ke iya kallon baƙin allo yana zubo rubutu ba tare da ya ja da baya ba, sai sunan ya bi shi. Shekara goma sha biyu yana amsawa, bai taɓa gyara wa kowa ba.

Ɗakin ba shi da taga. Akwai esi, na'urar sanyaya ɗaki, mai ɗiga a cikin bokitin fenti, da kujera mai taya biyar waɗanda uku ne ke aiki, da ƙofar ƙarfe mai rufe kanta ta kama wa mutum dunduniya. Dole sai an tokare ta. Abin da ke tokare da ita shekara bakwai cur kuwa wani faifan ajiya ne na cikin kwamfuta, ƙarfe mai nauyi kamar rabin bulo. Kullum da safe Injiniya zai buɗe ƙofa ya sa takalmi ya haure faifan nan da ƙarfin da ya ninka abin da ƙofar ke buƙata. Masu wucewa suna cewa mutumin nan akwai kuzari. Ina kuzari! Kashe shi yake son yi.

Ga yadda aka yi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara ashirin yana zaune a rumbun bayanai ɗaya cikin tsohuwar na'ura. Rumbun an shimfiɗa shi ne a kan faifai uku, in ɗaya ba ya nan sauran biyun ƙarfe ne kawai. Wani ɗan kwangila ya haɗa shi, ya kama gabansa, ko lambar waya bai bari ba. Wadda ta cika rumbun da yatsunta ita ce mai buga takardun ofis, yayar matar Injiniya, wadda kowa ke kira Yaya. Ita ce ma ta yi ta sintiri a ƙofar Darakta har aka ɗauki mijin ƙanwarta aiki.

Wata Talata da safe Yaya ta zo da butar lantarki za ta dafa ruwan shayi, ta tarar soket ɗin teburinta ya mutu. Ɗakin na'ura a buɗe, don Injiniya ya tafi zagayen gaisuwa. Ta leƙa, ta ga filogi shida a jere, ta zare ɗaya. Ta kuwa iya zaɓe. Da aka mayar da filogin na'ura ta tashi lafiya lau, amma rumbun bai bayyana ba, domin tsohuwar ba ta tashin rumbu da kanta, sai an buga mata umarni. Layi ɗaya ne tak. A benen mai taya ba a kai wannan shafin ba. Injiniya ya duba allo ya ga wayam. Ga Darakta tsaye a kansa, ga ma'aikata sun cika ƙofa, kowa na jiran mai ilimi ya yi magana. Akwai "ban sani ba" a harshen da yake ji, kuma ba ta da wuyar faɗa. Amma sai ya cire tabarau, ya girgiza kai a hankali irin na likitoci, ya ce, "Yallaɓai, faifan nan uku sun ƙone. Wutar da ta dawo ce ta cinye su."

Kafin ƙarshen mako an sallami Yaya. Aka zaunar da mutum huɗu suka shekara biyu suna sake buga sakamako daga tsofaffin fayil da gara ta riga ta fara ɗanɗanawa, ɗalibai kuma suka haddace "a dawo wata mai zuwa" fiye da duk abin da aka koya musu a aji. Shi kuwa Injiniya aka ƙara masa girma, don an gano irin wannan ɗaki yana buƙatar mutum mai tsauri. Har ya shiga ofishin Darakta ya roƙa kada a kai Yaya kotu, abin da dama babu wanda ya yi niyya, ya fito ya sanar da dangi cewa ya ceto ta.

A yi masa adalci, a lokacin da gaske ya ɗauka sun ƙone. Sai bayan shekara huɗu aka tura shi wani kwas na mako guda, malamin ya rubuta layin nan a allo tun ranar farko, kafin ma a rarraba biro, yana cewa wannan kowa ya sani, mu wuce. Nan take Injiniya ya gane layin da rumbun ke jira ke nan. Da ya dawo, wata Asabar da hantsi ya shigo ofis shi kaɗai, ya jona faifan nan uku, ya buga layin. Rumbu ya tashi garau, ko waƙafi bai ɓata ba. Ya yi minti goma yana kallo. Sannan ya yi abin da ya ga ya dace da mai iyali da mutunci: ya kashe, ya zare su, ya raba su. Ɗaya a ƙasan durowa, ɗaya a bayan kabad, ɗaya a bakin ƙofa. Da son ransa ne da ya watsa su a kwata, amma kowanne da lambar sito a jikinsa, kuma Mai Sito mutum ne da zai iya tsayar da kwaleji cak a kan ƙusa ɗaya da ta ɓata.

Yaya kuwa, da mijinta ya rasu sai ta dawo ɗakin baya na gidan Injiniya. Ita ke goge masa riguna, ita ke raka yara makaranta, kuma in ya dawo ita ke fara cewa, "Sannu da aiki, ƙanina." Har yau ba ta taɓa butar lantarki. A tukunya take dafa masa ruwan shayi, shi kuma yana sha, har yana cewa a ƙara sukari.

Bana aka sayo sabuwar na'ura, doguwa kamar firji, da ramuka goma sha biyu a gabanta inda ake zura faifai. Injiniya ya yi mako biyu yana kwafo saiti daga intanet, yana liƙawa, yana addu'a, har Allah ya sa ya dace. Abin da ya samu kuwa abin alfahari ne. Da zarar an zura faifai, na'urar za ta ji shigowarsa, ta karanta shaidar da ke jikinsa, ta gane na wane rumbu ne, ta jira 'yan'uwansa. Na ƙarshe na isowa sai ta tashi rumbun da kanta ta baje shi a allo. Ba umarni, ba lallashi. Ya faɗa wa direbobi, ya faɗa wa mai gadi, ya faɗa wa matarsa har ta koma amsa masa da "to madalla" tun kafin ya buɗe baki. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tuna cewa rufin asirinsa duka a kan rumbun da ba ya tashi yake ba.

Ranar Laraba da ƙarfe goma Darakta ya sauko ganin abin mamaki. Mutum ne mai son duk wani abu da ke da fitila mai ƙiftawa. Ma'aikata shida suka biyo shi, Mai Sito a ƙarshe da kundinsa a hammata.

"Yallaɓai, a da sai an nemo ƙwararre," in ji Injiniya, yana gyara wuyan riga. "Yanzu ko mai shara ya zura, za ta gane. Ita ke tantancewa, ita ke tashi, ba ruwanta da kowa."

Ya ɗauki faifan da ya tanada ya zura. Fitila ta yi ja, ta yi kore, rumbu ya bayyana a babban allon da aka rataye a bango. Aka tafa.

"Kauce in gwada," in ji Darakta.

Ya zare ya mayar. Ya sake zarewa ya mayar. Sau huɗu ya yi, sau huɗu aka tafa, ko da yake na huɗun ya ɗan yi sanyi. Sai ya tsuke baki, ya dubi Injiniya da idon tsohon malamin da ya sha kama masu satar amsa.

"Wannan ai ta san shi. Ka ba ta amsa tun jiya. A kawo wanda ba ta sani ba."

"Akwai, yallaɓai," in ji Mai Sito. Ya leƙa waje ya jawo wani kwali. "Jiya da Injiniya ya tafi aski ya bar wa masu shara ƙofa, na zaga na tattara matattun kayan da za a yi gwanjonsu. Har bayan kabad na leƙa."

Injiniya ya leƙa kwalin. A can sama, gefe da gefe kamar an jera su don hoto, ga na durowa ga na bayan kabad. Esi na aiki, amma ya ji gumi ya keto masa daga ƙeya ya gangara har cikin bel.

"Yallaɓai, tsofaffin nan cuta gare su. Za su iya shafa wa sabuwar."

"Ba yanzu ka ce ita ke tantancewa ba?"

"Tana tantancewa, amma..."

"To bar ta ta yi aikinta. Kai dai ba ka son a taɓa maka kaya."

Darakta ya ɗauki na sama, ya hure ƙura, ya zura. Na'ura ta ɗan yi gurnani. Allo ya rubuta cewa an ga faifai ɗaya cikin uku na wani rumbu mai suna Sakamako, ana jiran biyu.

"Lallai! Har lissafi take yi!" Bakin Darakta har kunne. "Ina biyun?"

Mai Sito ya duba kundi, ya duba lamba, ya miƙa masa na biyu. Allo ya ce biyu cikin uku, ana jiran ɗaya. Wata dattijuwa daga ofishin jarrabawa ta matso kusa, tana karanta sunan rumbun tana motsa leɓe.

Injiniya ya ja da baya a hankali, kamar mai ba manya wuri, har ya isa bakin ƙofa. Ya ɗora dunduniya a kan faifan, ya saki ƙafar wando ta rufe shi, ya harɗe hannuwa. A ransa yana karanta duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa.

"Saura ɗaya," in ji Darakta, yana tona kwalin. "Ina na ukun?"

"Ai na ukun ya daɗe da ɓata, yallaɓai," in ji Injiniya. "Tun wancan lokacin. Abin takaici."

Da ya san abin da wannan kalma za ta jawo da ya haɗiye ta. Mai Sito ya ɗago kai a hankali. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, an zage shi, an hana shi ƙarin girma, an sauya masa ofis zuwa kusa da banɗaki, duk bai ce uffan ba. Amma a tsaya gaban Darakta a ce wani abu mai lambarsa ya ɓata?

"Injiniya, a sitona ba a ɓata. Lamba ɗari huɗu da goma sha tara. Duk shekara ina ƙirga shi, duk shekara ina rubuta 'yana tokare ƙofa'. Ga shi nan ƙarƙashin ƙafarka."

Kowa ya dubi ƙafar Injiniya. Shi ma ya duba, da mamakin mutumin da aka nuna wa kunama a takalminsa.

"Au! Wannan ne?"

"Shi ne."

Aka ɗaga faifan, ƙofa ta rufe kanta garam, kowa ya zabura. Faifan duk ya lotse a kusurwa, ga tabon ruwan mofar goge ƙasa, ga sawun baƙin takalmi. Da Injiniya ya gan shi a hannun Darakta sai ya ɗan ji sanyi a ransa. Shekara bakwai, kwana biyar a mako, hauri ɗaya kowace safiya, wani lokaci biyu in an ɓata masa rai a gida. Ko jaki ne ai ya ci a ce ya mutu.

Darakta ya goge shi da hankici ya zura. Fitila ta yi ja. Wani abu a ciki ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Injiniya ya lumshe ido yana cewa yawwa, ci gaba, mutu. Ƙarar ta tsaya. Fitila ta yi kore.

Allo ya cika da sunaye. Shekara ashirin na ɗalibai, aji-aji, zango-zango, a jere tsaf yadda Yaya ta bar su safiyar da ta so shan shayi.

Nan take ɗakin ya kaure da sowa. Darakta ya ɗaga hannuwansa biyu yana nuna wa jama'a, ko da wani bai ga da waɗanne aka yi aikin ba.

"Da hannuna! Kun dai gani! Abin da ya gagari ƙwararru shekara goma sha ɗaya!"

Babu ƙwararren da aka taɓa kira, amma wa zai tsaya gyara wa Darakta lissafi a ranar farin ciki? Ya rungume Injiniya, ya ce wannan na'ura har matattu take tayarwa, ya ce dama shi tun ranar da ya ɗauki yaron nan aiki ya ga alama. Ya sa a rubuta masa takardar yabo, a kuma kira mai hoto. Dattijuwar ofishin jarrabawa, wadda tana cikin mutum huɗun da suka shekara biyu suna sake bugawa, ta dubi allon, ta dubi yatsunta, ta ja ƙofa ta fita ba ta tafa ba.

"Yallaɓai," in ji Mai Sito, "ita fa matar da aka kora?"

"Wace mata?"

"Mai buga takardu. Wadda aka ce ta ƙona su."

Darakta ya yamutsa fuska yana nema a kansa, bai samu ba. "To ai ga shi an gyara. Ka tuna mini wata mai zuwa."

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya. Ashe haka abin yake da sauƙi! Shekara bakwai yana ɗauke da dutse a ƙirji, ga shi an sauke masa, har da tafi. Mai Sito ya nemi a buga masa shafin bayanin rumbun a firinta, don ba zai iya mayar da kaya uku daga layin matattu zuwa layin masu rai ba sai da shaida. Injiniya da kansa ya danna masa, yana dariya, yana cewa buga ko nawa kake so.

A motar haya da la'asar ya shirya abin da zai faɗa a gida. Zai ce shekara goma sha ɗaya yana fama a ɓoye. Zai ce bai taɓa yarda Yaya ta tafi da wannan tabo ba, shi ya sa ya hana a zubar da faifan, har ya ajiye ɗaya a bakin ƙofa don kullum ya gan shi ya tuna. Wannan na ƙarshen ya burge shi ƙwarai. Kafin a kai kwanar unguwarsu ya fara yarda da labarin, har idonsa ya ɗan yi ƙwalla saboda irin halaccin da ya yi.

Matarsa ce ta buɗe masa ƙofa, fuskarta a sake.

"Ga gwarzo nan! Mai Sito ya zo da babur lokacin hutun rana ya kawo wa Yaya albishir da takarda, wai ba zai iya jira ba. Baban yara, ka ɓoye mana irin wannan? Yaya ta yi kuka har na tsorata."

Yaya na zaune a falo, a kan babbar kujera, inda ba ta saba zama ba. Ta sa tsohon tabarau ɗinta na aiki mai igiya. A cinyarta akwai takarda ɗaya, irin wadda ya danna wa Mai Sito da hannunsa, da wani gwangwanin biskit a gefenta.

"Sannu da aiki, ƙanina."

"Yawwa, Yaya. Ai yau Allah ya wanke ki. Dama ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina..."

"Zauna tukuna. Akwai layi ɗaya da nake so ka karanta mini."

Ya zauna a hannun kujera. Ta miƙo takardar, yatsanta a kan layi na biyar.

"Ni ban san na'ura ba, amma shekara ashirin aikina duba kwanan wata ne. Nan an rubuta ranar da aka buɗe rumbun kafin yau. Ni shekara goma sha ɗaya da kora ta. Wannan kuma shekara bakwai ne."

Bai taɓa sanin rumbu yana rubuta irin wannan ba. Wataƙila an faɗa a kwas ɗin, a rana ta biyu, lokacin da hankalinsa ba ya jikinsa. Ya cire tabarau, ya girgiza kai a hankali.

"Agogon na'ura ne, Yaya. Batirinsa in ya yi sanyi sai ya riƙa tsalle. Abu ne na fasaha, yana da wuyar bayani."

"Haka na ce wa kaina. Na ce agogo ne, har na tashi na ɗora girki. Amma sai kwanan watan ya ƙi fita daga kaina. Sha huɗu ga wata, Asabar. Na ce ni kam na san ranar nan."

Ta buɗe gwangwanin. Takardu ne a ciki, an ɗaure su kashi-kashi da roba. Ta zaro wani ɗan kati da ya fara yin ja, ta ɗora shi a kan takardar, kwanan wata kusa da kwanan wata. Katin garanti ne na fanka, da hatimin shago.

Wallahi ya manta. Ranar Asabar ɗin, da ya fito daga ofis, ya biya shagon kayan lantarki ya sayi fanka mai tsayuwa, mafi girma a shagon, ya ɗora ta a tasi ya kai ɗakin hayar da Yaya da mijinta suka koma bayan an karɓe gidan ma'aikata. Fankar ta yi masa maganin abin da ke damunsa sosai, har ta shafe kanta daga ƙwaƙwalwarsa.

"Ba biki, ba suna, ba komai, sai ga ka da fanka," in ji Yaya. "Na yi ta kuka ina cewa wane irin mutum ne wannan. Marigayi ne ya haɗa ta. Yana ɗaure noti yana cewa, 'Kin gani ko? Kin ƙona wa mutum aiki, ya biyo ki da iska.'"

Matarsa ta daina murmushi. Ta dubi katin, ta dubi takardar, ta dubi mijinta.

"Baban yara, ka ce wani abu mana."

Ya buɗe baki. Akwai batiri, akwai wuta, akwai ɗan kwangila, duk suna nan a jere suna jiran a kira su. Ko ɗaya bai fito ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa sani ba, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Na ji tsoro ne, Yaya," ya ce da ƙyar. "Da na faɗa, ni za a kora. Ga yara ƙanana."

"Na sani. Ni ma lokacin ina da su."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa katin da takardar ta ninke su tare, gefe ya hau gefe daidai.

"Shekara biyu ya ƙara a duniya bayan wannan Asabar ɗin. Kullum in zai fita sai ya ce, 'Kada dai ki taɓa soket.' Da wasa yake faɗa. In baƙi sun zo ya faɗa, a yi dariya. Har a gadon asibiti ya faɗa, da na miƙa hannu zan gyara masa waya, masu jinya suka yi dariya, ni ma na yi. Kai ma kana wurin, ƙanina. Kai ma ka yi."

"Yaya, don Allah..."

"Ba aikina nake nema ba, yatsun sun tsufa. Darakta ma in zai rubuto wasiƙar wanke ni, ya riƙe abarsa. Mutum ɗaya nake so ya ji cewa ban ƙona komai ba, kuma kana kallo ya wuce."

Ta cire tabarau, ta rufe gwangwanin, ta miƙe ta shige ɗakin baya. Matarsa ta tsaya jim kaɗan a tsakiyar falon. Sannan ta bi yayarta, ba ta ko dube shi ba, ya ji an murza makulli daga ciki.